Zabuwa Tsakanin Ginshiƙai Biyu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba teku a gefenta, ya ba doki ƙafa huɗu, ya ba ɗan Adam biyu, sannan ya bar su su daidaita tsakaninsu. Ku gyara zama, ku da kuka taru. Ni ce Tasalla 'yar Barmo, mutuniyar Kwarin Gawo, kuma abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ƙafata ce ta taka. Wanda ya yarda ya yarda. Wanda bai yarda ba, ga goɗiyar can tana kiwo a bayan gida, ya je ya duba cinyarta ya ga ko akwai tambarin wani sarki a jikinta.

Mahaifina mai horar da dawaki ne. Da ya rasu, abin da ya faɗo rabona shi ne wata goɗiya mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, wadda muke kira Zabuwa. Tun tana ƙarama wani baƙo ya are ta, ya sa mata linzami mai kaifi, ya dawo da ita jini na zuba daga bakinta. Daga ranar ba ta ƙara yarda ƙarfe ya taɓa haƙoranta ba. In ta hango linzami sai ta miƙe a kan ƙafafun baya tana kai duka da na gaba. Ko igiya ce, in ta ji an ja da ƙarfi, sai ta haukace. Ni kaɗai take bari in hau ta, ba sirdi ba linzami, ina riƙe da gezarta.

Wata safiya yayana Dangana ya same ni a barga ina zuba mata dusa.

Ya ce, "Tasalla, dabbar nan tana cin abincin doki tana aikin kyanwa. Na yi magana da masu dutsen niƙa. A rufe mata ido, ta yi ta zagaye, ko ta amfani wani."

Na ce, "Yaya, gadona ce."

"Gadon naki ne ya karya wa maƙeri haƙarƙari shekaranjiya."

"Shi ya zo mata da ƙarfe. Da ya zo da sallama da ya koma lafiya."

"To ki sa ta karɓi linzami, in kin isa."

Na ce, "Zan nemo wanda ya isa."

Na taɓa jin fatake suna labarin wani birni mai suna Balmaran, can bayan Tekun Toka, inda aka ce gwanayen hawa suna sarrafa doki da zaren siliki. Ban jira Dangana ya gama dariya ba. Na ɗaura guzurina a baya, na hau Zabuwa, muka kama hanyar arewa.

Ba zan gajiyar da ku da duk abin da muka ratsa ba. Mun ƙetare Hamadar Madubi, inda ƙasa take ɗaukar hoton sama, har matafiyi ya rasa inda gajimare ya ƙare da inda turɓaya ta fara. Raƙuman ayarin da muka bi duk suka durƙushe, suka ƙi taka sama. Ni kuwa na runtse idona, na sakar wa Zabuwa geza, ita ta fitar da mu, raƙuman suka biyo sawunta. Mun ratsa wani daji da itatuwansa suke ja da baya in mutum ya miƙa hannu zai tsinki 'ya'yansu. A bakin teku muka sami jirgin ruwa mai filafilai, kuma a cikinsa ne na fara tsintar harshen mutanen wancan ɓangare, a bakin matuƙa, saboda haka zagi na fara iyawa kafin gaisuwa.

Jirgin ya tsaya ɗibar ruwa a wani tsibiri da ake kira Kalmino. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. A saman kowace ƙofa linzamai ne a rataye, tuli-tuli, kamar albasa a rumfa. Akwai linzamin malalacin doki, akwai na mai cizo, akwai na mai yawan waiwayen hagu. Dokin da ya ƙi tafiya sai su ɗaura masa bushiya a ƙarƙashin wutsiya, ko su ɗaure kyanwa a kan sanda su tura ta ƙarƙashin cikinsa ta yi ta yaƙushi. Dawakinsu duk suna tafiya baki buɗe, kumfa na zuba.

Ina cikin kallo sai dakaru suka kewaye mu, suka kai mu gaban babban maƙerin garin, wani ƙato mai ƙonannen gemu.

Ya ce, "Baƙuwa, a garin nan doki ba ya yawo baki wofi. Ko ta karɓi wannan, ko a tsaga mata harshe har ta karɓa." Ya ɗaga wani linzami da nauyinsa ya kusa na taɓarya.

Na ce, "Yallaɓai, ka dubi idonta tukuna."

"Me zan gani a ido? Laifin doki a baki yake."

"To naka laifin ma nan yake."

Kafin ya gama fahimtar abin da na ce, na matse Zabuwa da gwiwa, muka yi waje. Masu tsaron ƙofar gari suka taso da dogayen sanduna masu ƙugiya, waɗanda da su suke kama duk dokin da ya gudu: su saƙalo igiyar linzaminsa su finciko. Suka yi ta jefa ƙugiyoyi a gefen bakin Zabuwa, inda suka saba samun igiya, suna kamo iska. Ko ɗaya a cikinsu bai yi tunanin rufe ƙofar ba. Muka wuce su, muka haye katakon jirgi ana shirin janye shi.

Da muka sauka a babbar ƙasa, muka yi ta tafiya cikin gonakin inabi da alkama har muka hango ganuwar Balmaran. A wajen ganuwar akwai wata makekiyar fadama, dawaki ƙosassu suna kiwo a ciki. Abin da ya tsayar da ni shi ne sawunsu. Fadamar ba ta da shinge ko ɗaya, amma kowane doki ya tattake wa kansa hanya a cikin ciyawa mai kusurwa huɗu, doguwa ta gefe biyu, gajeriya ta gefe biyu, kuma duk girmansu ɗaya. Doki zai taho yana kiwo, ba abin da ya tare shi, sai ya karya hagu.

Na tambayi wata mata mai yankan ciyawa, "Baiwar Allah, me ya sami dawakin nan?"

Ta ce, "Ba abin da ya same su. 'Yan makaranta ne. Haka suke kiwo."

Ban gane ba a lokacin, amma na ajiye abin a raina.

Makarantar tana tsakiyar birni, cikin katanga mai tsawo, da ƙofar ƙarfe da ake rufewa a bayan duk wanda ya shiga. A cikinta akwai wani zaure mai kusurwa huɗu, dogo, an shimfiɗa masa rairayi mai laushi, an jera madubai a bango. Nan na ga abin da fatake ba su iya faɗa ba. Maza masu dogayen takalma da malafa mai gashin tsuntsu suna zaune a kan sirdi kamar an dasa su, kowa riƙe da siririyar tsumagiya a tsaye. Dawakinsu suna tafiya a karkace, suna sassarfa ba sa barin wuri ɗaya, suna durƙusar da ƙugu su ɗaga ƙafafun gaba su tsaya haka kamar sassaƙe. Wani ma ya yi tsalle da ƙafa huɗu, ya yi harbi a sama, ya sauko daidai inda ya tashi. A tsakiyar zauren kuwa ginshiƙai biyu ne na baƙin itace, hannayen mutane sun goge su har suna ƙyalli. Tsakaninsu ake ɗaure doki da igiya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a koya masa rawa.

Shugaban makarantar, wanda suke kira Sarkin Barga, sunansa Darasin, mutum ne mai murɗaɗɗen gashin baki da ƙamshin turare. Ya saurari buƙatata yana toshe hanci da ƙyalle.

Ya ce, "Mu nan 'ya'yan manya muke koya wa hawan dawakin manya. Wannan kuwa jaka ce da aka yayyafa wa toka."

Na ce, "Yallaɓai, jakar nan ta ƙetare hamada da teku. Naka ina suka taɓa zuwa?"

Wani ya yi dariya daga kusurwar zauren. Tsoho ne mai ɗingishi, rigarsa ta koɗe, takalmansa ba ƙaimi. Sunansa Orbal. Na ji daga baya cewa shi ya koya wa Darasin hawa, amma da ya ƙi ɗaura ƙaimi sai aka mayar da shi kusurwa, wurin dawakin da kowa ya gaji da su.

Ya ce, "Ka bar mini su, Darasin. Dama kusurwata ta saba da abin da aka yar."

A ranar Zabuwa ta ci ciyawar makaranta.

Na ɗauka tsohon zai fito da wani linzamin sihiri. Bai fito da komai ba. Kwana da kwanaki yana zuwa ya zauna a kan bokiti kusa da ita yana cin tuffa, in ta miƙo wuya ya ba ta sauran. Sai da ta fara yi masa haniniya in ta ji ɗingishinsa, sannan ya kawo wata fata mai laushi kamar kunnen ɗan akuya, ya zagaya mata a kan hanci, ba komai a baki, ya ɗaura zaren siliki a gefe biyu, ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, ni linzami na zo a koya mata."

"Ita ta ce miki tana so?"

"Yayana ne ya ce."

"To ki kawo yayan naki in sa masa. Hau."

Na hau. Ya ce in tambaye ta da yatsa ɗaya ta juya dama. Na taɓa zaren, ta juya. Na ci gaba da riƙewa don kada ta canza ra'ayi.

Ya daka mini tsawa, "Saki! Ta amsa, me kike jira? Ki tambaya, in ta amsa ki saki hannu. Sakin nan shi ne ladanta. In ba ki saki ba, ta yaya za ta san ta yi daidai?"

"In na saki ta gudu fa?"

"To kin san ba taki ba ce tun farko. Kuma ki ɗaga kafaɗarki ta hagu, kin zauna kamar buhun alkama da aka jingine."

Haka muka yi ta yi har sanyi ya shigo, ƙanƙara mai laushi ta rufe rufin gidaje kamar auduga. Tambaya, amsa, saki. Kullum sai ya zagi kafaɗata ta hagu. Ta wannan hanya Zabuwa ta koyi tafiya a karkace, ta koyi ɗaga ƙafafun gaba ba da fushi ba, ta koyi tsallen nan mai harbi a sama, ta koyi rawa a wuri ɗaya. Tsakanin ginshiƙan ma ta yarda ta tsaya, muddin igiyoyin suna sake, suna lilo, ba su ja ta ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, wata rana na ga Orbal ya zauna a kan bokitinsa bai ci tuffar ba.

Ya ce, "'Yata, akwai dokar da ban faɗa miki ba. Duk dokin da ya ci ciyawar makaranta, sai an gwada shi ranar Bikin Ginshiƙai a gaban Sarki. Za a ɗaure shi, a rataya ƙararrawa a jikin kowace igiya, ya yi rawa har kiɗa ya ƙare. In ƙararrawa ta yi ƙara, ya ja igiya ke nan, ya faɗi. Sai a fitar da shi ta ƙofar baya, a rufe masa ido, ya ja dutsen niƙa har ya mutu."

Na ratsa rabin duniya ina gudun dutsen niƙa, ashe yana nan yana jirana.

Na ce, "In ta ci fa?"

"In ta ci, sai a buɗe babbar ƙofar zaure, ki hau ta ki kai ta bakin ƙofa ta gaida jama'a. A nan maƙeri yake jira da ƙarfe a wuta. A buga mata tambarin Sarki a cinya. Ta zama tasa. Ke kuma a ba ki alkyabba, a raka ki bakin teku."

"Ka san haka ka bari ta ci ciyawar?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Na ga idonta, na so in ga ta warke. Kuma na tsufa, ina so in horar da doki ɗaya irinta kafin in mutu. Ki zage ni, kin iya zagin matuƙa."

Ban zage shi ba. Na daɗe ina kallon zauren, dogo ta gefe biyu, gajere ta gefe biyu, mahaya suna zagaye, kowa in ya kai bango ya karya hagu. Sai fadamar nan ta dawo mini a rai.

Na ce, "Baba, babbar ƙofar ina take kallo?"

"Babban titi. Ranar biki ana buɗe ƙofar gari ma, saboda mutanen ƙauye."

"Dawakin nan sun taɓa sukuwa a waje?"

"Don me? Waje na jakuna ne da 'yan aike." Ya dube ni. "Ban da tsohon dokina Kurbel. Shi dokin 'yan aike ne kafin in same shi. Me ya sa kike tambaya?"

"Ba komai."

Ya ce, "Madalla. Kada ki faɗa mini. Na rantse wa Sarki, kuma abincinsa nake ci."

Ranar biki zauren ya cika. Sarkin Balmaran yana zaune a bene, mai ƙiba, mai yawan hamma. A ƙasansa alƙalai, kowa ya karkata kunne wajen ginshiƙan, ya kafe idonsa a kan igiya, don igiyar suke hukuntawa. Dawaki suka yi ta shiga. Wasu suka ci, wasu ƙararrawa ta yi musu ƙara aka ja su ta ƙofar baya. Da aka zo kan Zabuwa, sai Darasin ya ture mai ɗauri ya ce shi zai ɗaure ta da hannunsa, don girmama baƙuwa. Ina kallonsa ya naɗe kowace igiya a jikin ginshiƙi har ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Ko numfashi Zabuwa ta ja, ƙararrawa za ta yi magana. Na ga kunnuwanta sun kwanta, farin idonta ya fito.

Ban jira makaɗa ba. Na taka na kwance igiyar dama, na kwance ta hagu, na watsar da su a kan rairayi. Ƙararrawoyin suka yi ƙara sau ɗaya suka yi shiru. Zauren ya ɗauki hayaniya.

Darasin ya ce, "Ta raina al'ada! A fitar da su!"

Na ɗaga murya wajen bene. "Allah ya ba ka nasara, goɗiyata ba za ta yi rawa a ɗaure ba. Ku bar ta haka. In ta fita daga tsakanin ginshiƙan nan kafin kiɗa ya ƙare, ku kai ta niƙa, ni ma ku haɗa da ni, in ja gefe ɗaya."

Sarki ya katse hammarsa. Ya ce, "Darasin, an taɓa yin haka?"

"Ba a taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To shi ya sa nake so in gani. A yi kiɗa."

Masu goge da sarewa suka fara. Na tsaya a gefen kafaɗarta, na taɓa zaren silikin da yatsa ɗaya. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ajiye, ta ɗaga ɗayar. Ta amsa. Duk abin da ke cikina yana cewa in riƙe, in ƙanƙame, ga ƙofar baya a buɗe, ga masu ƙyallen rufe ido suna jira. Na buɗe yatsuna, zaren ya faɗi a kan wuyanta, na ja da baya.

Zabuwa ta yi rawa. Wuyanta ya lanƙwashe, ƙugunta ya sauka, ƙafafunta suna tashi suna sauka bi-da-bi a kan sawu ɗaya, rairayi ko tashi ba ya yi. Ba abin da ke riƙe da ita, gaba a buɗe, baya a buɗe. Alƙalai suka yi ta kallon igiyoyin da ke yashe a ƙasa, sun rasa inda za su sa ido, har ɗayansu ya ɗago kai a hankali ya dubi goɗiyar, sai bakinsa ya buɗe. Da kiɗa ya kai ƙarshe, ta durƙusar da ƙugu ta ɗaga ƙafafun gaba, ta tsaya haka har sarewa ta yi shiru, sannan ta sauko ta juyo tana neman tuffa a hannuna.

Sarki ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ta ci! Wannan tawa ce. A buɗe ƙofa, a kawo tambari!"

Aka ja manyan ƙyamaren. Hasken hantsi ya shigo, ga jama'a sun dare gefe biyu na titi, ga maƙeri a bakin ƙofa yana juya jan ƙarfe a cikin garwashi. Na hau Zabuwa, muka taka a hankali kamar yadda al'ada ta ce. A bakin ƙofa ta sunkuyar da kai ta gaida jama'a. Maƙeri ya ɗago ƙarfen.

Na waiwaya na ce, "Allah ya ba ka nasara, na gode da ciyawa. Amma wannan goɗiya ƙarfe ya ji mata ciwo sau ɗaya, ya isa."

Na matse gwiwa. Zabuwa ta yi tsallen nan da Orbal ya koya mata, ta haye kaskon wutar, ta yi harbi a sama, garwashi ya watse. Muka miƙe babban titi, muka fita ƙofar gari, muka faɗa fadama.

Bayanmu na ji Darasin yana ihu, na ji kofatai. Na waiwaya: mahayan makaranta duka, a jere, malafunsu na kaɗawa, dawakinsu sun fi Zabuwa tsawon ƙafa da ƙoshi. A cikin titi, tsakanin gidaje, sun miƙe sosai, suna cim mana. Da suka fito fili kuwa, suka yi sukuwa daidai tsawon zaurensu, sai dokin gaba, na Darasin, ya karya hagu. Na biyu ya bi shi. Na uku ya bi. Ba bango, ba shinge, amma kowane doki ya ga bangonsa. Mahaya suna ja, suna zagi, suna sukar ƙaimi, dawakin kuwa suna ɗauka ana neman su ƙara kyau ne, sai su lanƙwashe wuya su sake karya hagu. Na bar su a tsakiyar fadama suna zagaye cikin tsari mai ban sha'awa, mutanen ƙauye suna yi musu tafi.

Doki ɗaya ne bai juya ba.

Na ji shi a bayana har bakin kogin da ya raba ƙasar Balmaran da ta maƙwabta. Kurbel ne, tsoho, yana huci, Orbal a kansa. Muna shirin faɗawa ruwa sai tsohon ya yi 'yar ƙarar nan da harshe, wadda yake yi in ya kawo tuffa. Zabuwa ta tsaya cak. Na matse ta, na roƙe ta, ta ƙi. Ta juya ta miƙa masa wuya. Ya matso ya kama zaren silikin a hannunsa.

Ya ce, "Sarki ya ce duk wanda ya iya ya kamo ta. Ni kaɗai na iya."

"Na gani."

"Zai mayar da ni tsakiyar zaure. Darasin ya koma kusurwa." Bai dube ni ba, goɗiyar yake kallo. "Za ta bi ni, kin sani. Ba sai na ja ba."

Na sani. Da maƙerin Kalmino ne da na san abin da zan yi masa. Wannan kuwa ba ni da makamin da zan ɗaga a kansa.

Na ce, "Ba zan sauka ba, Baba. In za ka kai ta, sai dai ka kai mu tare, a buga tambarin a cinyata tukuna. Amma ina da tambaya. Ka kira ta?"

"Na kira."

"Ta amsa?"

Ruwa yana wucewa, Kurbel yana huci. Can nesa ana jin ihun Darasin yana zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa.

Ya ce, "Ta amsa."

Na ga yatsunsa sun buɗe ɗaya bayan ɗaya. Zaren ya zame ya faɗi a kan gezarta. Ya laluba aljihu ya fito da tuffa, ya ba ta duka, bai gutsura ba.

Na ce, "Me za ka faɗa musu?"

"Zan ce Kurbel ma ya karya hagu. Wa zai ƙaryata? Duk suna can suna yi." Ya juya dokinsa. "Wuce, kafin in tuna na rantse."

Muka shiga kogin. Ruwa ya kai ƙirjin Zabuwa, ya kai gwiwata, sannan ya fara sauka. Muna hawa gaɓar can sai na jiyo muryarsa ta ƙetaro ruwa, da dukkan ƙarfin da ya rage masa.

"Kafaɗarki ta hagu, buhun alkama!"

Na ɗaga ta. Ban waiwaya ba, don ba na so ya ga fuskata.

Ranar da muka shiga Kwarin Gawo, Dangana yana zaune a ƙofar gida. Ya dube ni, ya dubi bakin goɗiyar.

Ya ce, "To, ta karɓi linzamin?"

Na ce, "A'a."

"Duk tafiyar nan?"

"Duk tafiyar nan, Yaya. Matsa, ka tare mata hanyar barga."

Nan na kawo ku, nan zan sauke ku. Wanda zai je duba cinyar tata ya tafi da sallama, kuma kada ya riƙe ƙarfe a hannu.